Mushe, Ashe Kuɗi Ba a Ƙirga Su?

Wata rana, a ƙarshen zangon karatu na farko, ina mayar wa ɗalibaina takardun gwajin Ingilishi, sai wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu. Ƴar aji biyu ce a koleji, ajin da muke kira sankiyam, mahaifiyarta kuma tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwar Bagalam. A takardarta ta rubuta cewa babanta ba shi da “many money”. Ni kuwa na bi kan “many” da jan biro, na rubuta “much” a sama, na cire mata maki ɗaya. Ta ce, “Mushe, don mi?” Na ba ta amsar da aka ba ni tun ina kan benci irin nata: “many” ta abin da ake ƙirgawa ce, “much” ta abin da ba a ƙirgawa. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “To Mushe, ashe kuɗi ba a ƙirga su? Ni fa kullum da dare ni ke ƙirga ma innata ciniki.”

Ajin ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce, don ba ni da amsa. Na ce mata haka Ingilishi yake, ta je ta haddace. Shekara da shekaru ina faɗa wa yara haka suna karɓa, sai ranar nan abin ya tsaya mini a rai. Na koma gida ina juya tambayar, kuma abin da na samo a ƙarƙashinta tarihin kasuwar garin nan ne fiye da nahawu. Masu karatu daga Najeriya su yi mini uzuri: in na ce Ingilishi, Turancinku nake nufi, domin a nan in dattijo ya ce yaro ya iya Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi.

Ƙa'idar kanta ba ta da tsawo. Ingilishi ya raba sunayen abubuwa gida biyu. Akwai waɗanda yake ɗauka ɗaya-ɗaya, kamar awaki da littattafai da yara. In sun yi yawa sai a ce “many”, in sun yi kaɗan a ce “few”. Akwai kuma waɗanda yake ɗauka a dunƙule, kamar ruwa da gishiri da haƙuri. Su nasu “much” ne da “little”. Tambayar adadi ma ta rabu biyu, “how many” da “how much”. Mu kuwa “da yawa” ta ishe mu ga awaki da ruwa baki ɗaya, “kaɗan” haka, “nawa” haka. Faransanci ma bai raba ba: “beaucoup” ɗaya ce, “peu” ɗaya, “combien” ɗaya. Ke nan yaron Maradi yana shiga sizyam, inda ake fara Ingilishi a makarantun gwamnati, da harsuna biyu a kansa, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa wannan iyaka. Ba ƙaramin abu ba ne yanzu, tunda Ingilishi yana cikin jarrabawar BEPC, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

To, mu koma ga kalmar da ta jawo maganar. “Kuɗi” jam'i ne, tilonsa “wuri”. Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Da yawanmu mun manta da haka, amma bakinmu bai manta ba, shi ya sa har yau muke cewa “kuɗina sun ƙare”, da “sun” irin ta mutane da awaki. Wurin nan ƙoƙon wata ƴar halittar ruwa ne da ake tsinta a tsibiran Maldibs cikin tekun Indiya. Daga can yake tasowa, ya ratsa hannun ƴan kasuwa iri-iri, wani ta hamada, wani ta jiragen ruwa zuwa gaɓar tekun kudu, kafin ya iso kasuwannin ƙasar Hausa.

Lokacin da aka kafa garuruwanmu, shi ne kuɗi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, birnin Katsina ya fita daga hannun tsohuwar zuriyar sarauta, suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa kujerarsa a Maradi wajajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Mayaƙi, a bakin gulbi ɗaya da Maradi. Shekaru masu yawa garuruwan biyu suna kai hari ƙasar daular Sakkwato ana kawo musu, amma duk gabar nan ba ta raba kuɗi ba. Wurin da ake sayen gishiri da shi a Kano, da shi ake saye a Maradi.

Akwai wanda ya ga yadda ake ƙirgarsa da idonsa ya rubuta. Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa a watan Janairu na 1851, lokacin tana bin Sarkin Katsina na Maradi. A can ya tarar da wani ɗan kasuwa yana fama da ƙirgar wuri 500,000, shi da mutum biyar ko shida da ke taya shi. Abin da ya ba Barth mamaki shi ne a ƙasar nan ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu garuruwan gaɓar teku. Zube yake, dole a bi shi ɗaya-ɗaya. Mai ƙirga yana jan biyar-biyar da yatsu, yana tara su kashi-kashi, kashin 200 ko na 1,000. Ko da an kawo shi ɗaure cikin jakar kaba da aka ce 20,000 ne a ciki, mai karɓa ba ya yarda sai an zazzage an sake bi.

Ku tsaya ku hango wannan zaman. Manyan mutane shida zaune a tabarma, yini guda ko fiye, ba abin da ake ji sai ƙarar wuri. Al'ummar da ta yi irin wannan aiki ƙarni da ƙarni dole ta ƙera masa kalmomi, kuma ta ƙera. Wuri ashirin “hauya” ne. Ɗari “zangu”. Ɗari biyu, wato hauya goma, “metan”. In dubu ta ninku sai a koma “zambar”: zambar goma 10,000 ke nan, zambar dubu kuwa ita ce miliyan ɗinmu ta yau. Jakar kaban nan ta 20,000 ita ce “keso”. Wanda ya ji Zabarmanci zai gane zangu da zambar nan take, don su har yau da su suke cewa ɗari da dubu. Kafin ashirin da talatin da arba'in su shigo mana daga Larabci ta hannun malamai da fatake, kakanninmu “gomiya biyu” da “gomiya uku” suke cewa. Larabcin bai tsaya nan ba, ya ba mu minya da arbaminya da hamsaminya da alif da alfyan, waɗanda yanzu sai a bakin tsofaffin dillalan dabbobi ake jin wasunsu.

Kakata ta wajen uwa Bagobira ce ta Tibiri. Ba ta riski zamanin da ake cefane da wuri ba, amma ta gaji kalmomin daga uwarta, ta kuma gaji wuri cikin wata ƴar ƙwarya da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado. In muka dame ta da roƙo sai ta ce, “Ku tashi ku ba ni wuri, ko wuri ba ni da shi,” mu yi ta dariya don wurin farko da na biyu ba ɗaya ba ne. In ta ga kayan lefe sun burge ta sai ta ce an kashe keso. Ba ta san adadin keso a sefa ba, kuma ba ta damu ba. A bakinta keso ya riga ya tashi daga adadi ya koma “da yawa”. Wannan ita ce hanyar da kalmomin adadi ke bi in abin da suke ƙirgawa ya mutu. A wurinta na fara jin cewa ƙwaryar goro ɗari ce cif, ba cikin ƙwarya ba.

Abin da ya kashe wuri yawansa ne. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Hambag ta Jamus suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibgo shi Afirka ta Yamma jirgi-jirgi. Darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama in tafiya ta yi nisa, ladan ɗaukar wuri yana cinye kaso mai tsoka na wurin da aka ɗauko. Da yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 suka bar Maradi da Tibiri a ɓangaren Faransa, Katsina da Jibiya a ɓangaren Ingila, kowace gwamnati ta matsa a biya ta haraji da kuɗinta na ƙarfe. Abin da yaƙi bai raba ba, haraji ya raba.

Sai dai tun kafin zuwan Nasara akwai wani kuɗin azurfa da manyan fatake ke riƙewa, mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tariza. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta, shekarar 1780 ke jikinsa, ko da kuwa an buga shi bayan shekara ɗari. Shi ne “dala” ta asali, kuma sunanta da na dalar Amurka tushensu ɗaya, daga wani kwari mai ma'adinin azurfa a ƙasar Bohemiya. Barth ya ce a Kano a 1851 dala ɗaya wuri 2,500 ce. Na zauna na yi lissafin kaina: wuri 500,000 ɗin nan na Tasawa keso 25 ne, kuma a farashin Kano dala 200 ne daidai. Ku riƙe wannan adadi.

Da Faransawa suka kawo ƙwandalarsu ta azurfa mai tamma biyar, wadda girmanta ya yi kusa da na tsohuwar dala, sai mutane suka ɗora mata sunan. Daga nan har yau, a Nijar dala tamma biyar ce. An ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, shekarar da ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maradi aka hau tudu, an karya darajarta da rabi a Janairun 1994, amma dala ba ta motsa daga biyar ba. Ba mu kaɗai ba ne: Bambara a Mali da Wolof a Senegal su ma da biyar-biyar suke ƙirga sefa. Takardar da aka rubuta wa 1,000 mu jika muke ce mata, wato dala 200. Ke nan abin da mutum shida suka yini suna ƙirgawa a Tasawa, a suna dai, jika ɗaya ce, wadda yau ba ta isa cefanen yini a gida mai iyali ba. A ƙetaren iyaka kuwa “jaka” fam ɗari ce, da naira ta zo a 1973 a kan naira biyu fam ɗaya sai ta koma naira 200. Na taɓa ganin baƙo daga Kano ya zabura da mai fura ta ce masa dala ashirin.

Malamai ƴan uwana, ku dubi abin da wannan ke nufi ga yarinyar ajina. Mai saye ya miƙo mata ƙwandala an rubuta 100, ita ta ce dala ashirin. Ya ce a ba shi na 350, ita ta ji dala saba'in. Kowane ciniki sai ta raba da biyar ko ta ninka da biyar a ka, ba alli ba allo. In ta shiga aji sai ta koma Faransanci, inda saba'in “sittin da goma” ce, tamanin “ashirin huɗu”. Wannan yarinya ce na tsaya a gabanta na ce wa kuɗi ba a ƙirga su. Laifin ba nata ba ne, kuma ba na Ingilishi ba ne. Na bayanin da muka gada ne, da muke fassara shi kai tsaye ba tare da mun duba ko ya zauna a Hausa ba.

Shi Bature ai yana ƙirga kuɗinsa. Abin da ya faru shi ne kalmarsa ta “money” ba jam'in komai ba ce. Asalinta sunan wuri ne, wurin zama nake nufi a nan: ɗakin bautar Juno Moneta a birnin Rum, inda Rumawa ke buga kuɗinsu na ƙarfe. Daga sunan maƙerar kalmar ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi da ma'anar dukiyar da aka buga, a dunƙule. Abin dariya, sunan da masana kimiyya suka raɗa wa wurin Maldibs shi ma “moneta” ne. Ita kuma “much” a tsohon Ingilishi ma'anarta “babba”. Saboda haka in Bature ya ce “much money”, tsibi yake gani mai girma. In Bahaushe ya ce kuɗi da yawa, ƙwayoyi yake gani masu yawa. Da zarar Baturen ya ambaci sunan ƙwayar, sai ya dawo inda muke: “many francs”, “many coins”. Da na ce wa yarinyar nan “money” ba kuɗi ba ce, dukiya ce, da ta gane a take, don ba wanda ke cewa dukiya uku.

Kuma kada mu ɗauka iyakar nan ta Ingilishi daga sama ta sauko. Ta sha motsawa. Akwai wani ɗan wake kore da suke kira “pea”. A da sunansa “pease”, kuma a dunƙule ake ɗaukarsa kamar shinkafa. Sai masu magana suka ji ƙarar ƙarshen kalmar kamar alamar jam'i, suka yanke ta, suka samar da tilo wanda da babu shi, wajen ƙarni na 17. Haka ma dokar da ake tsananta wa ɗalibai a kanta, cewa “fewer” ta abin ƙirgawa ce, “less” ta abin dunƙule: wani marubuci mai suna Robert Baker ne ya faɗe ta a 1770 a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji, alhali tun zamanin Sarki Alfred, kusan shekara 900 kafin shi, Ingilishi ke amfani da “less” ga abin ƙirgawa. Ra'ayin mutum ɗaya ya zama doka, mu kuma muna cire maki a kai a Maradi.

To ina mafita? Ni a ganina tana kasuwa. Ba gaskiya ba ne a ce Hausa ba ta san wannan rabo ba. Ta san shi sarai, ba ta dai sa shi cikin nahawu ba ne, ta sa shi cikin ciniki. Muna da ƙirga, muna da awo. Ba wanda ke zuwa babbar kasuwa ya ce a ba shi hatsi bakwai. Tiya bakwai zai ce. Ba mai cewa a auna masa tumaki. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, arba'in ɗinta su cika babban buhu, manomi kuma tun daga gona da dami yake lissafi. Addini ma a kan wannan rabon ya ɗora zakka: ta dabbobi da ƙirga, ta hatsi da awo. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, kowane wusƙi sa'i sittin, kowane sa'i mudun Annabi huɗu. Gonar da ruwan sama ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da wahala ɗaya cikin ashirin. Duk yaron da ya zauna a makarantar allo ya ji wannan.

Ina da kawu a Jiratawa da ke da fili a cikin gandun noman rani da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980. In ka tsaya a bakin gonarsa da safe ka saurari cinikin da yake yi da matan da ke zuwa sarin zogale, za ka ji darasin “much” da “many” gaba ɗaya ba tare da kalmar Ingilishi ko ɗaya ba. Zogale buhu nawa, tumatir kwando nawa, kabeji kai nawa, ruwa awa nawa aka sako. Kowane abu da ba ya ƙirguwa an nemo masa abin da zai riƙe shi a ƙirga. Haka Ingilishi yake yi: “much millet”, amma “many bags”. Tun daga shekarar nan na daina cewa “abin da ba a ƙirgawa”. Nakan ce abin awo da abin ƙirga, in tambayi yara: in innarku ta aike ku sayen wannan, za ku faɗi adadi kai tsaye, ko sai kun ambaci tiya ko kwalba ko ƙulli?

Ba zan ɓoye muku ba, dabarar tana da inda take yoyo. Wake da gyaɗa mu aunawa muke yi. Gyaɗar da ta gina Maradi, wadda ta yi alhazan garin nan tun kafin a kafa kamfanin SONARA a 1962 har zuwa farin 1973, ba a taɓa sayenta da ƙwaya ba. Amma a Ingilishi “beans” da “groundnuts” jam'i ne, “many” suke ɗauka, shinkafa da gero kuwa “much”. Sai ka ce girman ƙwaya suka duba. Akwai kuma tarkon da Faransanci ke haƙa wa yaranmu: shawara, labari, kayan ɗaki da kayan tafiya duk jam'i ne a Faransanci, amma “advice”, “information”, “furniture” da “luggage” a dunƙule suke a Ingilishi. Waɗannan kam sai hadda, kuma gara a faɗa wa yaro gaskiya cewa hadda ce, da a bar shi yana zaton akwai wata hikima da kansa ya kasa ɗauka. Mai neman tsira a magana ta yau da kullum yana da “a lot of”, wadda ke shiga ko'ina kamar “da yawa” tamu.

Wajen ƙanƙanta ne abin ya fi ba ni tsoro, don a nan harafi ɗaya ke juya magana. “Little” da “a little” ba ɗaya ba ne, haka “few” da “a few”. Mai “a” yana cewa akwai, ko da ba yawa. Marar “a” yana cewa kusan babu. Hausa tana da su duka biyun, da kyau ma: na farko shi ne “ɗan abin da ba a rasa ba”, na biyu shi ne “bai taka kara ya karya ba”. Faransanci ma a nan yana taimako, tunda “un peu” da “peu” haka suka rabu.

A 2005, shekarar da jihar nan ta faɗa cikin yunwa bayan fari da fara sun haɗu a daminar da ta gabata, ƙungiyoyin agaji sun cika Maradi, da yawan ma'aikatansu kuma Ingilishi suke ji. Samarinmu da suka ɗan iya suka samu aikin tafinta. Wani tsohon ɗalibina yana cikinsu, shi ya ba ni labarin da har yau nake ba ɗalibai. Sun shiga wani ƙauye da wata baturiya mai cike takardu, ta ce a tambayi maigida abin da ya rage a rumbunsa. Dattijon ya ce, “Alhamdu lillahi, akwai ɗan abin da ba a rasa ba.” Yaron ya fassara daidai da kalmomin, ya ce “a little”. Ta rubuta, suka wuce gida na gaba. Sai da suka zo fita ya hango matar gidan tana dafa ganye zalla, ya leƙa rumbun ya tarar ko ƙasansa bai rufu ba. Ya koma ya sa aka gyara takardar. Ingilishinsa bai yi kuskure ba. Abin da ya manta shi ne magidanci Bahaushe ba ya buɗe baki gaban baƙo, balle mace, ya ce rumbunsa wayam. Kalmar dattijon “a little” ce, halin da yake ciki kuwa “little”. Ban san littafin nahawun da ke koyar da wannan ba.

Mu da kanmu ma “kaɗan” ɗinmu tana da fuska biyu. “Saura kaɗan” a bakin direban Dan Isa na iya zama awa guda. “Ɗan jira ni kaɗan” kowa ya san tsawonta. Ingilishi shi ma yana da irin wannan wasa: “quite a few”, duk da “few” da ke cikinta, da yawa take nufi. Muna kuma da kalmomin da suka zaɓi ɓangare ba tare da mun lura ba. “Tsiraru” sai ga abin ƙirga, ba a cewa ruwa tsiraru. “Ɗigo” sai ga abin zuba. “Rututu” ta masu motsi ce, “maƙil” ta abin da ya cika mazubi. In malami ya fara da waɗannan, yaro zai ga cewa abin da ake nema a wurinsa ya riga ya iya rabinsa.

A can sama, wajen manyan adadi, iyakar 1906 ta sake raba mu. Rediyon Nijar ya ce “miliyar”, na Najeriya ya ce “biliyan”, dukansu miliyan dubu suke nufi. Amma “billion” ta Faransanci miliyan miliyan ce, ta ninka ta Ingilishi sau dubu. Ingila kanta a kan irin lissafin Faransa take a da, sai a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta koma na Amurka. Ga kuma waƙafi: ɗalibin Katsina ya rubuta 2,500 yana nufin dubu biyu da ɗari biyar, na Maradi ya karanta biyu da rabi, don a makarantarmu waƙafi ne ke raba cikakken adadi da gutsurensa. Ƴaƴanmu da za su riƙa cike takardun kaya tsakanin Maradi da Jibiya da Kano, musamman in layin dogon da ake shimfiɗawa ya iso, su ne za su biya kuɗin wannan ruɗani in ba a nuna musu ba. Kakanninmu sun huta, su in abu ya wuce zambar dubu sai su ce malala gashin tinkiya.

Iyaye kuma, ba sai kun iya Ingilishi ba. In kun aiki yaro kasuwa ya dawo, ku sa shi ya ware muku abin da aka ƙirga masa da abin da aka auna masa. Wanda ke da tsohuwa a gida ya sa ta faɗa wa jikokinta mene ne hauya da keso tun tana nan.

Ƙwaryar kakata tana hannuna yanzu. Da aka dawo hutu na zuba wurin a aljihu, na ari tiya cike da hatsi a wurin maƙwabciyata, na shiga da su aji. Na zube wurin a kan tebur na kira yarinyar nan ta ƙirga. Ban ce mata komai ba, sai ga ta tana jan biyar-biyar da yatsu. Ta samu 63, wato hauya uku da uku. Na ce to waɗannan su ne kuɗi, kuma su “many” ne. Na tura mata tiyar na ce ta ƙirga hatsin. Ta dube ni, ta dubi tiyar, ta ce, “Mushe, wannan ai sai dai a auna.” Makin da na cire mata ban mayar ba, don mai gyaran BEPC ba zai mayar ba. Ina cikin kwashe wurin wani yaro daga gefen taga ya ɗaga hannu ya ce, “To Mushe, fara fa? Da tiya ake sayar da ita, amma tana da ƙafafu.”